Kada ranar ritaya ta zama ranar yanke magani

A Takieta, inda hanyar Yamai zuwa Damagaram ta haɗu da wadda ta nufi Matamaye da Kano, ba wuya a ga dattijon da ya ƙarar da ƙarfinsa a aikin kamfani tsugune gaban mai tallar magani, yana sayen ƙwayar hawan jini ɗaiɗai. Sa'ad da yake bakin aiki, dokar ƙwadago ta ɗora wa ubangidansa nauyin kula da lafiyarsa. Ranar da ya ajiye aiki nauyin ya dawo kansa, daidai lokacin da jiki ya soma neman magani kullum.

Asusun CNSS, wanda ake yanke wa ma'aikaci kuɗi dominsa kowane wata, yana biyan fansho da kuɗin iyali da diyyar haɗarin aiki, amma ba shi da reshen inshorar rashin lafiya. Karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ya tsawwala kuɗin maganin da ake shigowa da shi, sa'an nan dokar 1995 ta ɗora wa majinyaci biyan wani kaso a likitocin gwamnati. Da aka kawo jinya kyauta a 2006, yara ƴan ƙasa da shekara 5 da mata masu juna biyu aka duba. An kyauta, sai dai tsoho bai shiga lissafi ba.

Tun da hukumomi suna zancen inshorar lafiya ga kowa, ya kamata su dubi yadda Amurka ta haɗa maganin kamfani da na gwamnati. Tun 2006 shirin Medicare yake tallafa wa masu shekara 65 wajen sayen magani. Wanda ya yi kwana 63 ba shi da wata inshorar magani, kuma bai yi rajista ba, ana ƙara masa kashi 1 cikin 100 na kuɗin wata a kan kowane watan jinkiri, tarar da kan bi shi har kabari. Amma idan inshorar kamfaninsa ta kai darajar ta gwamnati, babu tara, kuma wajibi ne kamfanin ya ba shi shaida a rubuce.

Abin ɗauka a nan shi ne gadar da aka gina tsakanin aiki da ritaya. Abin bari kuwa ita ce tarar. Ba adalci ba ne a hukunta tsoho saboda takardar da ba a karanta masa ba, balle manomin Garagumsa da bai taɓa samun ubangida ba.

Saboda haka, duk dokar da za a tsara ta tanadi abu uku: a shigar da ma'aikaci inshora tun kafin ya karɓi fanshonsa na fari, a lissafa masa shekarun da ya yi yana biya, kuma a buɗe rajista a Takieta, ba sai an je Damagaram ba. Wanda ya yi wa ƙasa bauta da ƙuruciyarsa bai cancanci roƙon magani da furfura ba.