A Daina Ɗora wa Netwok Laifin Manhaja

Mai sayar da hatsi a kasuwar Mashi ya miƙa wa mai POS katinsa, na'ura ta nuna ciniki bai faɗa ba, sai ga saƙon banki cewa an cire kuɗi. Duk inda ya kai kuka amsa ɗaya ce: matsalar netwok. A watannin Fabrairu da Maris na 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya tilasta wa jama'a tura kuɗi ta waya, kusan kowa ya haddace wannan amsa. Layi kan yanke, babu musu. Sai dai yankewar layi ba ta cire kuɗin kowa. Manhajar da ba a yi wa tanadin yankewar ba ita ke cirewa.

Babban nau'in irin wannan kuskure shi ne na tsere, inda ayyuka biyu suke rige-rigen taɓa bayani ɗaya. A ɗauka yaran shago biyu ne da littafi ɗaya. Kowanne ya duba ya ga saura buhu 10, kowanne ya sayar da ɗaya, kowanne ya rubuta 9. Littafi na cewa 9, sito na cewa 8. Idan maigida ya tsaya a kansu, bi da bi za su yi, lissafi ya daidaita. Haka manhaja take: da zarar injiniya ya saka na'urar bincike, saurin aikin ya sauya, kuskuren ya ɓace.

Masana kwamfuta suna kiran wannan Heisenbug, daga sunan Werner Heisenberg, Bajamushen da ya nuna a 1927 cewa ba a iya sanin matsayin ƙwayar zarra da ƙarfin tafiyarta daidai a lokaci guda. Jim Gray ya yi amfani da kalmar a takardarsa ta 1985 kan dalilan tsayawar kwamfutoci. Sunan na da daɗin ji, amma aron bai dace ba. Abin da Heisenberg ya gano iyaka ce a cikin halitta, wadda babu ƙwarewar da za ta kawar. Kuskuren tsere kuwa mutum ne ya rubuta shi, a layi sananne, a rana sananniya. Injiniyan da ya fake da fiziks da ma'aikacin da ya fake da netwok jirgi ɗaya ya kwaso su: sun mai da sakaci ƙaddara.

Sakacin nan ya ci rayuka. Tsakanin 1985 da 1987, na'urar gashin kansa mai suna Therac-25 ta ɗirka wa majinyata haske fiye da kima a Amurka da Kanada, wasu suka mutu, kuma kuskuren tsere na cikin musabbabai. Ranar 14 ga Agusta 2003, irinsa ya toshe ƙararrawar gargaɗi a ɗakin kula da wuta a jihar Ohayo, mutane kimanin miliyan 50 suka kwana cikin duhu.

Maganin ma ba sabo ba ne. Tun 1965 Edsger Dijkstra ya bayyana yadda za a hana ayyuka biyu shiga wuri ɗaya tare. A harkar kuɗi, a kulle asusu har ciniki ya kammala, a ba kowane ciniki lamba tasa, ta yadda ko an maimaita umarni sau goma, sau ɗaya za a cire.

A 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ƙayyade awa 72 don mayar da kuɗin cinikin POS da ya gaza. Mayarwa kaɗai ba ta wadatar ba, domin kwana uku babu jari asara ce ga mai hatsi. Kamata ya yi a tilasta wa bankuna da kamfanonin biyan kuɗi su wallafa adadin cinikin da ya maƙale, da musabbabinsa, da gyaran da aka yi. Ranar da aka fara ƙidaya laifin a bainar jama'a, za a nemo layin da yake.