Lambu Ma Gidan Ajiyar Tarihi Ne

A birnin Washinton na ƙasar Amurka akwai wani gida da ake kira Dumbarton Oaks, wanda ya kamata ma'aikatanmu da ɗalibanmu su san labarinsa. A cikin 1920 wani jami'in jakadanci, Robert Bliss, da matarsa Mildred suka sayi gidan. Sa'an nan suka ɗauko gwanar tsara lambu, Beatrix Farrand, wadda ta shafe shekaru fiye da 20 tana aikin wurin. A cikin 1940 suka ba Jami'ar Harvard gidan kyauta, haɗe da lambun, da littattafai, da kayayyakin fasaha na daular Rumawa ta Gabas. A nan ne wakilan Amurka, da Ingila, da Rasha, da Sin suka zauna a cikin 1944 suka tsara tubalin Majalisar Ɗinkin Duniya. A cikin 1963 aka buɗe ɗaki na musamman domin tsofaffin littattafan lambu da zane-zanen tsirrai.

Abin lura shi ne masu gidan ba su raba itace da takarda ba. Da lambun ya koma hannun jami'a, sai Farrand ta rubuta littafi ta bayyana abin da aka shuka a kowane sashe da dalilin shuka shi, don kada magada su yi ta lalube. Ɗalibi yakan karanta labarin tsiro a ɗaki, ya fito ya gan shi da idonsa.

To, ina namu? Tun 1916 wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya buga littafin sunayen tsirrai da Hausa. Amma yaro nawa ne a biranenmu yau zai iya bambanta marke da gawo, ko ya faɗi amfanin sabara? Ilmin baba na rini, da bagaruwa ta jima, da lalle, yana cikin kawunan dattawa, kuma kullum mutuwa tana ɗauke su. Ga gatari kuma bai bar dajin ba.

Wani zai ce ƙasar da ke fama da ƙarancin asibiti ba ta da kuɗin furanni. Lalle haka ne, idan ado ake nufi. Amma itatuwan nan su ne maganinmu, da abincinmu, da kayan sana'armu. Matsalarmu ita ce gandun daji yana ƙarƙashin wata ma'aikata, ɗakin karatu wata, kayan tarihi kuma wata, kowa na jan nasa.

Saboda haka muna kira ga gwamnatocin jihohi da jami'o'i su keɓe fili kusa da gidajen tarihi, a shuka itatuwanmu, a rubuta sunan kowanne da boko da ajami, a ɗauki bayanin masu magani da marina da majema a ajiye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: idan muka yi sakaci, jikokinmu za su nemi sunan itacen ƙofar gidansu a littafin baƙo.