Takardun Jarrabawa Bayan Fitar Sakamako

Duk shekara idan sakamakon BEPC ya fito, abin da ake ji a rediyo shi ne kashi nawa suka ci a Maraɗi, kashi nawa a Damagaram. Daga nan sai a ɗaure takardun ɗalibai a jibge, alhali su ne ke nuna inda koyarwa ta gaza.

Ɗalibin da ya faɗi lissafi, ba lalle lissafin ne ya kayar da shi ba. Sau da yawa Faransancin tambayar ne ya shige masa duhu, kuma maki kaɗai ba ya rarrabewa. Haka ma a shifta: Hausa ba ta da sautin "v", ba ta kuma bambanta "p" da "f", saboda haka kuskuren yana da tsari, ana iya ƙirga shi a gina darasi a kansa.

Binciken PASEC na 2014 ya sa Burundi, inda ake fara karatu da Kirundi, a sahun gaba, Nijar kuwa a baya. Ya kamata ma'aikatar ilimi ta fitar da maki tambaya-tambaya, ta ware na makarantu masu harshe biyu, ta miƙa wa sashen nazarin harsuna takardun bayan an share sunaye.