Haƙƙin Baƙo a Ƙasar Waje

Hausawa da yawa suna zaune a Zangon Kumasi, cikin ƙasar Ghana. Fataucin goro ne ya kai kakanninsu can. Idan aboki ya zo musu daga gida, waɗansu sukan tsare shi a Zango, a ci tuwo, a yi ta hira, har ya koma bai ga kome ba. Wannan kuskure ne.

Kamata ya yi mai masauki ya zaga da baƙonsa. Ya kai shi kasuwar Kejetiya, ya nuna masa fadar Sarkin Ashanti. In da hali su gangara bakin teku, su ga babban gidan dutse na Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482. Daga baya a nan aka riƙa tsare bayi kafin a zuba su cikin jirgi.

Wani ya ce yawo ɓarnar kuɗi ne. Amma tuwo akwai shi a gida, teku kuwa babu ita a Kano. Baƙo raɓa ne, gobe ba ya nan. Abin da ya gani shi ne tsarabar da zai kai wa 'ya'yansa. Gani ya kori ji.