A Daina Raina Masu Yasar Tsohuwar Manhaja

Kwanaki na karɓi takardar shaidar biyan kuɗi a wani ofishi a Kano. Da na duba inda aka rubuta garinmu, sai na ga "Kafin Maiya?i". Ƙ ɗin ta ɓace, alamar tambaya ta zauna a gurbinta. Ma'aikacin ya ce in yi haƙuri, wai kwamfuta ba ta jin Hausa. Ba haka zancen yake ba. Kwamfuta ba ta jin harshen kowa, abin da aka rubuta mata take bi. A can cikin manhajar akwai tsohon rubutu, wanda masu sana'ar ke kira kod, da aka ɗora a kan tsarin ASCII na Amurka na shekarun 1960, mai gurabe 128 kacal. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Magani kuwa ya daɗe da samuwa, don Unicode ya fito a 1991, Ken Thompson da Rob Pike kuma suka tsara UTF-8 a 1992. Abin da aka rasa shi ne mai zama ya bi tsohon rubutun layi-layi ya gyara.

Wannan zaman shi ne aikin da muka raina. Je ka taron matasa masu koyon kwamfuta, magana ɗaya za ka ji, a ƙirƙiro sabuwar manhaja. Gasa ta sabuwa ce, kyauta ta sabuwa ce, aikin kammala digiri ma sai sabuwa. Hukuma ta fi son abin da za a tara jama'a a ƙaddamar. In aka ci karo da tsohuwa mai ciwo, hukuncin a shirye yake: a watsar, a sake daga tushe. Wannan ra'ayi ɓata ne, kuma mu ne muke biyan kuɗinsa.

Duk wanda ya tashi tsakanin Bebeji da Kiru ya san madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako. Shekara hamsin ke nan tana kai ruwa gonakin Kadawa da Kura. Manomin rani zai gaya maka cewa ranar da aka bar laka da kachala suka toshe magudanai, ranar tumatir ke fara yaushi. Amma ban taɓa jin mai hankali ya ce a fasa Tiga a gina wata don laka ta taru ba. Yashewa ake yi. Babbar manhaja ma haka take.

An gwada fasawar, an ga ƙarshenta. A 1998 kamfanin Netscape ya buɗe rubutun manhajarsa ta shiga intanet ga kowa, sannan aka yanke shawarar ajiye tsohon a sake sabo. Netscape 6 bai fito ba sai ƙarshen 2000, shi ma bai nuna ba, Mozilla 1.0 kuwa sai 2002. Kafin nan Internet Explorer ya cinye kasuwa. Gaskiya ne daga wannan aikin Firefox ta fito a 2004, amma kamfanin da ya yi kasadar bai ci moriyarta ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin wuraren da sabon shiga ke gani da muni a tsohon kod, faci ne da wani ya yi bayan ya sha wuya. Kamar katangar ƙasa ce da magini ya ƙara wa kauri ta gabas, don ya san ta nan ruwan sama ke dukanta. Baƙo zai ce ta karkace. In ya rushe ya gina miƙaƙƙiya, damina ɗaya za ta karantar da shi.

Dubi hanyar da LibreOffice ta bi. Lokacin da ta rabu da OpenOffice a 2010, ta gaji miliyoyin layuka da asalinsu ya koma StarOffice ta Jamus tun shekarun 1980. Bayanan da magabata suka bari a cikin rubutun da Jamusanci suke, yawancin sababbin masu aikin ba sa iya karantawa. Ba su watsar ba. 'Yan sa-kai suka shafe shekaru suna mayar da bayanan Turanci, suna cire matattun sassan da ba abin da ke kiransu, suna sa gwaje-gwajen da za su nuna in gyara ya ɓata wani abu. Har jerin ƙananan ayyuka suka ware wa masu koyo. Aiki ne marar tafi, kuma shi ya sa manhajar ke raye har yau, kyauta ga kowace makaranta da ba ta da kuɗin lasisi.

Kada a ɗauka ina cewa a bar tsoho yadda yake. Sakaci ma kisa yake. A Afrilun 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin babban kaso na shafukan intanet. Kuskuren ya shekara biyu a ciki ba wanda ya lura, domin mutane ƙalilan ne ke kula da ita, gudummawar da suke samu kuwa ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. Da mutanen OpenBSD suka ɗauki rubutun don yin LibreSSL, layuka kusan 90,000 suka kwashe a makon farko. Duniya ta yi ta sha daga rijiya, ba ta ɗauki mai yasa ba.

Mu ma daga ita muke sha. Wayar Android da ke hannun dillalin masara a kasuwar Kafin Maiyaƙi, Linux ce a cikinta, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991. Alƙaluman asibitocin sha-ka-tafi na Tudun Wada da Doguwa suna shiga DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke jagoranta. Masu sa ido kan rigakafin shan-inna sun yi amfani da ODK. Duka buɗaɗɗu ne, kowa na iya karantawa ya kai gyara. To wa zai lura cewa in an nemi "ƙasa" ba a samunta, ko an jera Ɗanladi nesa da Dauda? Bajamushe ba zai gani ba, tunda ba sunansa ne ya lalace ba.

Na san abin da matashi zai ce: wa zai biya ni, ga tsadar data, ga rashin wuta? Tambaya ce ta gaskiya, don yawancin aikin sa-kai ne. Amma akwai Google Summer of Code tun 2005, akwai Outreachy, suna biyan masu koyo su yi irin wannan aiki. Kuma gyara ɗaya da manyan masana suka tantance suka karɓa, da sunanka a kai, ya fi manhaja goma da suka mutu a kwamfutarka ranar da aka ba ka maki.

Kirana ga malaman kwamfuta na Jami'ar Bayero da ta Wudil ne. Ku karɓi gyaran tsohon kod a matsayin cikakken aikin kammala karatu, ku ba shi makin da kuke ba sabuwar manhaja. Ku kuma ƙannena masu koyo, ku zaɓi manhaja ɗaya da kuke amfani da ita kullum, ku rubuta sunan garinku a ciki da haruffansa na asali. In ya fito a karye, ku fara daga nan.