Gawo da sabara: yadda icce ke tsallake fari

Ga bazara ta kama, ƙasa ta yi fari fat, amma duk wanda ya bi hanyar Matamai ko Magarya zai ga gawo kore shar. Mine ne asirinsa?

Gawo ya saɓa wa sauran itatuwa. Da damina yake kaɗe ganye, da rani ya tofo, domin saiwarsa na nutsawa har inda ruwan rijiya yake. Saboda haka ba ya yi wa hatsi inuwa lokacin noma, ganyensa ya zama taki, ƴaƴansa kuwa su ciyar da bisashe lokacin da haki ya ƙare. Shi ya sa ake ba da labarin cewa sarakunan Damagaram na da sun hana sare shi, tare da horo mai tsanani.

Kowane tsiro da dabararsa. Kuka tana ajiye ruwa cikin gangar jikinta. Ƙarangiya takan mutu, ta bar irinta cikin rairayi har ruwan farko. Iccen Tenere, wanda mota ta kayar a 1973, ya rayu shi kaɗai cikin hamada da saiwar da ta zarce mita 30. Gangarsa tana gidan tarihi na Yamai.

Sabara da kalgo kuwa, ko an sare su kututturen bai mutu ba. Wannan shi ne abin da Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya, ya lura da shi a jahar Maradi a 1983. Bayan yunwar 1984 manoma suka rungumi sassaben zamani: a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi bisa kututture, a aske sauran. Ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyon 5, da itatuwa wajen miliyon 200, ba da dashe ba.

To, ƴan kasuwa da ma'aikata, magana ta zo kanmu. Mu ne ke sayen gandu mu sa tarakta ta tumɓuke kututture, mu ne kuma ke cika kurar itacen girki. Icce na jure ƙishirwar shekaru, amma in aka tone saiwarsa, shi ke nan. Kafin sassaben bana, kowa ya je gonarsa da ƙafarsa, ya nuna wa ƴan ƙwadago abin da za su bari. Allah ya ba mu damina mai albarka.