Digiri na biyu a bakin Kogin Neja

Kogin Neja yana shigowa Najeriya ne ta wajen Lolo, cikin ƙaramar hukumar Bagudo, bayan ya baro Gaya da Malanbil. Sau biyu yake cika a shekara: da damina, da ruwan saman yankinmu mai laka, sai kuma cikin sanyi, lokacin da ruwan tsaunukan Gini ya iso bayan tafiyar watanni. Manomin shinkafa a fadamun Illo ya san wannan tun kakanni, amma ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin Kebbi ta nuna cewa sanin gado yana bukatar awo da lissafi. Shi ya sa nake takaicin ganin ɗalibanmu masu digiri na biyu a kimiyyar muhalli, a Aliero da Birnin Kebbi da Sakkwato, suna zaɓen binciken da za a gama cikin gari don gudun kuɗin mota. Ba laifinsu ba ne kaɗai, domin mafi yawansu da aljihunsu suke karatun. Ga tambayoyi jibge: me dam ɗin Kandaji da Nijar ke ginawa zai yi wa noman rani da sana'ar su? Ina makiyayan Ka'oje za su nufa in burtali ya toshe a ɓangaren Segbana, tsallaken iyaka? Ya kamata gwamnatin jiha ta ware tallafin bincike na kan iyaka, jami'o'i kuma su sa Faransanci cikin darussan, saboda alƙaluman ruwan da ɗalibi zai nema suna Yamai, a ofishin Hukumar Kogin Neja da aka kafa a 1980.